Kafin Ka Ce Ƙarya Yake Yi: Yadda Ake Tantance Amsoshin Gwajin Ƙwaƙwalwa

Ciwon firgici ba ya fitowa a hoton ƙashi, gwajin jini ma ba ya nuna shi. Mutumin da ya tsira daga harin 'yan bindiga ko haɗarin mota, idan ya zo ya ce barci ya ƙaurace masa, gabansa na yawan faɗuwa, abin da ya faru yana dawo masa kamar yanzu ake yin sa, likita ba shi da abin kamawa sai maganar bakinsa. Galibi hakan ya wadatar, domin mai neman magani ba shi da ribar yin ƙarya. Lamarin yana sauyawa ne ranar da kuɗi ko hukunci ya rataya a kan sakamakon: diyyar haɗari, fanshon soja, neman mafaka a wata ƙasa, ko wanda ake tuhuma yana son kotu ta sassauta masa. Ko a Nijeriya, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta sa damuwar ƙwaƙwalwa cikin abubuwan da ake biyan diyya a kansu, saboda haka maganar ta iso ƙofarmu.

Wannan jagora ta masu aikin tantance irin wannan iƙirari ce: masanin halayyar ɗan Adam, likitan ƙwaƙwalwa, ɗalibin da ke koyon aikin, jami'in da ke tara bayanai a sansanin 'yan gudun hijira, har da lauya da alƙalin da rahoton zai isa teburinsu. Abu guda nake so su riƙe. Takardar gwajin da ta fito da maki masu yawa, mutum uku ne ke iya haifar da ita: wanda bai karanta tambayoyin ba ko bai gane su ba, wanda ciwon ya ci ƙarfinsa da gaske, da wanda ke ƙara gishiri da gangan. Aikin mai tantancewa shi ne ya rarrabe su, kuma a jere ake yin sa. Wanda ya tsallake na farko da na biyu ya faɗa kan na uku, zai kira masu gaskiya da yawa maƙaryata.

Me ya sa jerin alamomi bai isa ba

Sunan PTSD, wato ciwon firgici bayan tashin hankali, ya shiga kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka a 1980. Bugun 2013 na kundin ya lissafa alamomi 20 a rukuni huɗu: dawowar abin cikin tunani da mafarki, guje wa duk abin da ke tuno shi, sauyin tunani da ɓacin rai, sai zabura da rashin barci. Dole kuma su wuce wata guda. Takardar da aka fi amfani da ita wajen tacewa, PCL-5, tambayoyi 20 ce, ɗaya ga kowace alama, kuma ana fara zaton ciwon daga maki 31 zuwa 33.

Takarda ce mai amfani, amma a fili take. Kowace tambaya tana gaya wa mai amsawa abin da ake nema. A 1994 Paul Lees-Haley da abokin aikinsa sun ba ɗaliban da ba su da horo irin wannan jerin, suka ce su yi kamar suna da ciwon. Fiye da kashi 80 cikin 100 suka cika sharuɗɗan.

Labarin da ya fi fito da abin shi ne na jirgin kamun kifi Aleutian Enterprise, wanda ya nutse a tekun Bering kusa da Alaska a 1990. Mutum 9 suka rasu, 22 suka tsira, kuma 19 daga cikinsu aka rubuta musu ciwon firgici mai daɗewa, adadin da ya zarce abin da aka saba gani a irin wannan haɗari. Gerald Rosen ya bi diddigi, ya wallafa a 1995 cewa wasu sun faɗa masa lauyoyi sun yi musu bayanin alamomin, wasu kuma sun koya wa juna. Dukansu sun ga mutuwa da idonsu, babu mai musun wannan. Amma ganin tashin hankali daban, kamuwa da ciwon daban.

Game da yawan masu yin haka, Wiley Mittenberg da abokansa sun tambayi ƙwararru a Amurka a 2002 kan shari'u da marasa lafiya fiye da 33,000. Ƙiyasin masu zuzutawa ya kai kashi 29 cikin 100 a ƙarar neman diyyar rauni, kashi 30 a neman kuɗin naƙasa, kashi 19 a shari'ar laifi, kashi 8 kacal a asibiti inda babu kuɗi a gaba. A lura, ƙiyasin ƙwararru ne, kuma na Amurka. Abin ɗauka a ciki shi ne yadda adadin ke bin wurin da aka yi gwajin.

Matakin farko: ya karanta kuwa?

Mai sayen hatsi kan duba tiyar kafin ya ƙirga awon. Manyan gwaje-gwajen hali ma an gina su da ma'aunan da ke duba takardar kanta kafin a karanta abin da ta ce game da mutum. MMPI, wanda Starke Hathaway da J. C. McKinley suka fitar a Jami'ar Minesota a 1943, shi ne uban tafiya. Bugunsa na 1989 yana da jimloli 567 da ake amsawa da gaskiya ne ko ba gaskiya ba ne. Na 2008 an rage su zuwa 338, na 2020 zuwa 335. PAI na Leslie Morey, wanda ya fito a 1991, yana da 344, kowace da zaɓi huɗu. Mutum ya zauna awa guda ko fiye yana karanta irin wannan, ba abin mamaki ba ne hankalinsa ya tafi wani wuri.

Fara da ido, kafin ka taɓa kwamfuta. Ɗaga takardar amsa ka dube ta daga nesa. Wani lokaci za ka ga shafin farko an cike shi a natse, da 'yan goge-goge inda mutum ya sake tunani, sai daga tsakiyar shafi na uku alamar fensir ta miƙe sambal a layi ɗaya har ƙasa. Wata takardar kuma dama, hagu, dama, hagu, babu fashi. Ƙirga guraben da aka bari: a MMPI na 1989, idan suka kai 30 ba a fassara sakamakon. Idan a kwamfuta aka yi, duba lokacin. Jason Huang da abokansa sun ba da shawara a 2012 cewa wanda ya kasa daƙiƙa biyu a kan kowace tambaya, da wuya a ce ya karanta.

Daga nan sai ma'aunan tubka da warwara. Dabarar mai sauƙi ce: ana warwatsa tagwayen jimloli a cikin littafin, nesa da juna, wasu ma'anarsu ɗaya, wasu kishiyoyi. Ga misalin da na ƙirƙira, domin ainihin tambayoyin gwajin sirri ne da bai kamata a yaɗa ba: a lamba 12 an ce “Ina yin barci mai kyau”, a lamba 240 an ce “Kusan kullum da daddare idona biyu”. Wanda ya ce gaskiya ne ga duka biyun, akwai magana. Sau ɗaya ba komai ba ne, kowa na yin kuskure. Idan abin ya yawaita, ma'aunin VRIN a MMPI ko ICN a PAI zai hau. Akwai kuma TRIN, wanda ke kama mutumin da ke cewa “e” ga komai ko “a'a” ga komai. Ana juya makin ne yadda matsakaicin mutum zai tsaya a 50. Idan VRIN ko TRIN ya kai 80, an ajiye takardar ke nan.

PAI na da wani ma'auni mai suna INF. Jimlolinsa ba su da alaƙa da kowane ciwo, abubuwa ne da mai lafiya da marar lafiya duk amsa ɗaya suke bayarwa. Mai karantawa zai wuce su lafiya ko da ciwonsa ya kai inda ya kai. Mai cikawa ido rufe ne ke tuntuɓe da su. Masu bincike da ke tsara tasu takardar kan yi makamancin haka, su saka jimla a tsakiya da ke cewa “A wannan layin zaɓi amsa ta biyu”. Adam Meade da Bartholomew Craig sun gano a 2012 cewa kashi 10 zuwa 12 cikin 100 na ɗaliban da suka cike doguwar takarda sun amsa ne da ganganci. Ɗaliban jami'a ke nan, masu karatu cikin harshensu.

A nan ne nake so a dakata, domin a wurinmu abin da ake kira ganganci sau da yawa ba ganganci ba ne. An rubuta PAI ne daidai karatun ɗan aji huɗu, amma ɗan aji huɗun Amurka da aka haifa cikin Turanci. Mai takardar sakandare a nan zai iya karanta kowace kalma ya kasa kama jimlar, musamman mai korewa biyu, irin “Ba kasafai nake rasa jin daɗi ba”. Kunya kuma ba za ta bar shi ya ce bai gane ba.

Ka ɗauka dattijuwa ce daga wani ƙauyen Barno, an zaunar da ita a rumfa, tafinta na karanta mata. “Inna, kina samun barci?” Ta ce, “E, ɗan nan, alhamdu lillahi.” Bayan tambaya talatin: “Inna, barci na yi miki wuya?” Ta ce, “Ƙwarai kuwa.” A takarda wannan tubka da warwara ce. A rumfar kuwa, amsar farko gaisuwa ce da godiya ga Allah, ta biyun ce bayanin halin da take ciki. Ga yunwa, ga rana, ga layin karɓar abinci da take tsoron ya wuce ta, ga ladabin da ya hana ta musa wa ɗan boko magana. TRIN ɗinta zai hau, alhali ba ta yi niyyar ruɗin kowa ba.

Maganin yana hannun mai gwaji. Kafin a fara, sa mutum ya karanta jimla biyar da ƙarfi ya faɗi abin da ya fahimta da bakinsa. A yi hutu. A zauna tare da shi a ɗakin, kada a ba shi takarda ya tafi da ita gida inda ƙane ko maƙwabci zai taya shi. A gaya masa yana da damar cewa bai gane ba. Idan duk da haka ma'aunan suka hau, hukuncin guda ne: wannan takarda ba ta fassaruwa. Ba ta ce yana da ciwo ba, ba ta ce ba shi da shi ba, ba ta kuma ce ya yi ƙarya ba. A sake gwajin wata rana ko a koma hira baki da baki.

Mataki na biyu: ya karanta, amma ya ƙara gishiri?

Sai takarda ta haye matakin farko ake duba wannan. Dalilin kuwa, mai ƙirƙirar ciwo ba ya amsa da ka. Yana karanta kowace jimla da kyau, yana zaɓen wadda za ta nuna shi cikin mummunan hali. Saboda haka nasa ma'aunin tubka da warwara a ƙasa yake, na zuzutawa ne ke sama.

Tsohon ma'aunin wannan aiki shi ne F na MMPI. An tattara jimlolin da ƙasa da kashi 10 cikin 100 na mutanen gari suka amsa ta wata fuska. Wanda ya tara irin waɗannan amsoshi da yawa, ya bambanta da jama'a. Matsalar ita ce mai ciwon gaske ma ya bambanta da jama'a, kuma an daɗe da lura cewa masu ciwon firgici mai tsanani, irin tsofaffin sojojin yaƙin Biyetnam, F ɗinsu kan hau. Wannan ya sa Paul Arbisi da Yossef Ben-Porath suka fitar da Fp a 1995, daga jimlolin da ko majinyatan da ke kwance a asibitin ƙwaƙwalwa ba kasafai suke amsawa haka ba. Idan F ya hau, Fp na ƙasa, ka fi kusa da mutumin da ke cikin wahala ta gaske. Idan Fp ya kai 100, ga VRIN lafiya lau, to mutum yana iƙirarin abubuwan da marasa lafiya ma ba sa faɗa. Akwai kuma Fb da ke duba ƙarshen littafin kaɗai. Idan shi ne ya hau ban da F, wataƙila gajiya ce ta kama shi a hanya.

A PAI ma'aunin NIM ne ke wannan aiki, tare da wasu alƙaluma da ke duba siffar sakamakon gaba ɗaya. Gwajin da John Briere ya tsara musamman don alamomin firgici, TSI na 1995 da sabonsa na 2011, yana da nasa mai suna ATR. Shi kaɗai ba ya isa a yanke hukunci, kuma haka ma sauran.

Richard Rogers, wanda ya yi rubutu da yawa a wannan fage, ya fitar da hirar SIRS a 1992, mai tambayoyi 172, kuma dabarun da ke cikinta sun cancanci a sani ko ba a da gwajin a hannu. Mai ƙirƙira ya san sunayen alamomi, amma bai san yadda suke zama a jikin mutum ba. Yakan amsa alamar da ba a cika gani ba. Yakan haɗa biyun da ba sa tafiya tare. Yakan karɓi duk abin da aka miƙa masa, kan mai uwa da wabi, kuma kowace alama a wurinsa ta kai maƙura, kullum, ba sauƙi ko na rana ɗaya. Yakan riƙe manyan alamomin da kowa ya sani ya manta ƙanana na yau da kullum, irin kasa bin hira ko saurin fushi da yara. Akwai gajerun gwaje-gwaje a kan wannan tsari, kamar M-FAST mai tambayoyi 25 da SIMS mai 75, amma na tacewa ne: suna nuna wanda za a ƙara dubawa, ba sa yanke magana.

Kada a manta da ɗaya ɓangaren. Ma'aunan L da K a MMPI, da PIM a PAI, suna kama mai ɓoye ciwo. A ganina wannan ya fi yawa a cikinmu. Sojan da ke tsoron a ce ya karaya, magidancin da ya yi ta maza, matar da ke gudun a ce ta taɓu aurenta ya mutu, duk “lafiya lau” za su ce.

Gwajin zaɓi biyu

Masu ciwon firgici kan koka da mantuwa, masu kwaikwayonsu ma haka. A nan ana amfani da wata dabara ta lissafi. A gwajin TOMM na Tom Tombaugh, na 1996, ana nuna wa mutum hotuna 50 na abubuwan da kowa ya sani, ɗaya bayan ɗaya. Daga baya a nuna masa su bibbiyu, tsoho da sabo, a ce ya nuna wanda ya gani. Aikin yana kama da mai wuya, amma ƙwaƙwalwar ɗan Adam ta ƙware wajen gane hoto. Har masu raunin ƙwaƙwalwa da yawa kan ci 45 ko fiye idan aka maimaita gwajin a zagaye na biyu.

Wanda bai ga hotunan ba sam, ya yi ta canka, zai ci kusan 25. To idan mutum ya ci 12 fa? Sa'a kaɗai ba ta cika kai mutum ƙasa da 18 ba. Kafin ya faɗi ƙasa haka, sai ya san amsar daidai ya kauce mata. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da ake samu a fagen nan, sai dai ba ta cika faruwa ba. Abin da aka fi gani ga waɗanda suka kasa kai 45 shi ne maki tsakanin 30 da 44, wanda ke nuna ƙoƙarin bai cika ba, ba tare da ya faɗi dalili ba. Dattijon da idonsa ya yi rauni, ko wanda bai saba da zanen takarda ba, na iya faɗawa nan. Kenneth Morel ya yi irin wannan gwaji na zaɓi biyu a 1998 musamman don ciwon firgici, inda ake haɗa hoton fuska da sunan yanayin da take nunawa.

Hira da bin diddigi

Babu gwajin da ke maye gurbin zama da mutum. Ka fara da buɗaɗɗiyar tambaya, kada ka sa masa alamomi a baki. “Malam, yaya daren jiya ya kasance?” ta fi “Kana mafarkin abin?” amfani nesa ba kusa ba. Idan ya ambaci alama, nemi misali na kwanan nan: yaushe, a ina, wa ke wurin, me ya biyo baya. Mai ciwon gaske yakan ba da ƙananan bayanai da ba a littafi suke ba. Zai ce ya daina bin hanyar tasha ko da ta fi kusa, ko ranar da tayar babur ta fashe a kasuwa sai ya tsinci kansa a ƙarƙashin teburin mai nama, mutane na kallonsa. Sau da yawa ma ba ya son maganar, sai an lallaɓa. Hirar CAPS-5 an tsara ta ne don irin wannan bibiya.

Sannan ka kwatanta abin da ya faɗa da abin da ka gani, da abin da takardu suka nuna. Ya ce ƙaramin motsi na sa shi zabura, an buga ƙofa da ƙarfi bai ko ƙifta ba? Rubuta, amma kada ka gina gida a kai, domin alamomi na zuwa suna tafiya. Nemi katin asibiti na da, rahoton 'yan sanda, bayanin wurin aiki, kuma da izininsa ka ji daga matarsa ko abokin zamansa. Phillip Resnick ya raba masu wannan hali uku: wanda ya ƙirƙiri ciwon daga babu, wanda ke da shi ya ƙara masa, da wanda ke da ciwon gaske amma ya jingina shi ga abin da ba shi ne sanadi ba. Na ukun babu ma'aunin da zai kama shi, sai tarihi.

Inda mai gaskiya ke faɗawa tarko

Ma'aunan amsoshin da ba a saba gani ba an gina su ne a kan abin da mutanen Amurka ba su saba faɗa ba. Wasu jimlolin sun shafi aljanu, sihiri, da jin cewa wani na nufin mutum da sharri. Bahaushen da ya ce an yi masa sammu, ko iska ta taɓa shi, ko dannau ya danne shi da daddare ya kasa motsi, bai faɗi abin da zai ba maƙwabcinsa mamaki ba. Wanda ya ce ana bibiyarsa, alhali garinsu masu garkuwa da mutane sun yi masa ƙawanya, gaskiya ya faɗa. Haka mai cewa kansa na zafi, ko wani abu na yi masa yawo a jiki: hanyar da mutanenmu da yawa ke bayyana damuwa ke nan. Kowace irin wannan amsa maki ce a ma'aunin zuzutawa. Rebecca Weiss da Barry Rosenfeld sun gwada wasu daga cikin waɗannan kayan aiki a kan 'yan Afirka mazauna Amurka da suka ga tashin hankali, suka wallafa a 2017, kuma sakamakon ya nuna ba za a dogara da su yadda ake dogara a kan Amurkawa ba.

Waɗanda suka sha azaba mai tsawo tun ƙuruciya ma kan faɗi abubuwa masu ban mamaki, kamar jin sun fita daga jikinsu ko ɓatan sa'o'i daga tunaninsu, kuma binciken Bethany Brand ya nuna gwaje-gwajen nan kan yi kuskuren sa irinsu cikin masu ƙirƙira. Ga kuma wanda ya gaji da zuwa asibiti ana sallamarsa da maganin ciwon kai, ya ƙudura cewa yau sai an ji shi, ya cika kowace amsa har baki. Ya zuzuta, amma taimako yake nema.

Saɓanin labari ma ba hujja ba ce kai tsaye. Jane Herlihy da abokanta sun yi hira sau biyu da 'yan gudun hijirar Bosniya da Kosobo a Birtaniya, mutanen da an riga an ba su izinin zama, ba su da abin da za su samu da ƙarya. A rahotonsu na 2002, labaran sun saɓa tsakanin hira ta farko da ta biyu, musamman a ƙananan bayanai. Ƙa'idojin Istanbul na binciken azabtarwa, waɗanda aka kammala a 1999 aka sabunta a 2022, sun yi wannan gargaɗin.

Sai lissafi, wanda ya kamata kowane alƙali ya sani. A ƙaddara mutum 1,000 aka gwada, 100 daga ciki masu ƙirƙira ne. A ƙaddara gwajin na kama 70 cikin waɗannan, yana kuma yin kuskure a kan mutum ɗaya cikin kowane goma na masu gaskiya. Masu gaskiya 900 ne, ke nan 90 za su faɗa. Jimillar waɗanda aka yi wa alama 160, kuma fiye da rabinsu ba su yi ƙarya ba. Duk inda masu ƙirƙira suka yi ƙaranci, kamar ɗakin jinya a asibitin ƙwaƙwalwa na Maiduguri ko Kware ko Dawanau, wannan kuskure ƙaruwa yake yi. Shi ya sa ba a yanke hukunci da ma'auni ɗaya. Ana so hujjoji mabambanta su haɗu, na takarda, na zaɓi biyu, na hira da na tarihi.

Yadda za a rubuta rahoto

Gwaji na iya nuna cewa amsoshi sun wuce kima. Ba ya iya nuna niyya. Kundin likitoci ya ce ƙirƙirar ciwo sai an yi ta da gangan kuma don wata riba ta waje, kuma bai lissafa ta cikin cututtuka ba. Wanda ke ƙirƙira don kawai a kula da shi a matsayin marar lafiya, wannan wani ciwo ne daban mai buƙatar magani. Saboda haka kalmominka su tsaya inda hujjarka ta tsaya. Idan matakin farko ne ya faɗi, rubuta cewa amsoshin ba su daidaita ba, ba za a iya fassara su ba, ka faɗi dalilan da ka lura da su. Idan na biyu ne, rubuta cewa an bayyana alamomi fiye da yadda ake gani ga masu wannan ciwo, ka jero abin da zai iya jawo hakan. Faɗi harshen da aka yi gwajin, ko an yi da tafinta, da mutanen da aka gina ma'aunin a kansu. Ka kuma tuna cewa zuzutawa ba ta kore ciwo. Mutum na iya ƙara gishiri yana kuma fama.

Tun kafin a fara, gaya masa wanda ya aiko ka, wanda zai karanta rahoton, da cewa gwajin na duba yadda aka amsa. Idan sakamakon ya zo da matsala, koma gare shi cikin mutunci: “Malam, wasu amsoshin sun ɗaure mini kai, ko za mu sake bin su tare?” Da yawa a nan ake gano rashin fahimta, wasu kuma su sassauto da kansu ba tare da an kunyata su ba.

Roƙona ga sassan koyar da ilimin halayyar ɗan Adam da asibitocin ƙwaƙwalwa na Arewa da Nijar shi ne su ɗauki aikin fassara waɗannan gwaje-gwaje zuwa Hausa da Kanuri da Fulatanci, su gwada su a kan mutanenmu masu lafiya da marasa lafiya, a san amsar da ta zama baƙuwa a nan. Kafin a kai ga haka, duk wanda zai sa hannu a rahoton da zai hana wani diyya ko mafaka ko magani, ya rubuta a shafin farko cewa ma'aunin da ya yi amfani da shi a wata ƙasa aka auna shi.